Yadda ake haɗa sabulun wanka mai ƙamshi don goron Sallah

Duk wadda ke son raba sabulun da ta haɗa da hannunta ranar Ƙaramar Sallah, tun tsakiyar Sha'aban ya kamata ta zuba shi a mazubi. Haɗin kansa aikin hantsi ɗaya ne, amma bayan an yanka shi sai ya yi mako 4 zuwa 6 yana shan iska kafin ya cancanci taɓa fatar mutum. Azumi kwana 29 ne ko 30, kin ga ke nan wadda ta bari sai goman ƙarshe, lokacin da ake rububin ɗinki da kitso da lalle, ta makara. In kuwa Babbar Sallah kike hari, ki haɗa a ƙarshen Shawwal, kada ki bari makon farko na watan Bawan Salloli ya wuce ki.

Ina son wannan kyauta sosai. Cincin da dubulan kwana biyu sun ƙare, sabulu kuwa sai ya yi makonni ana amfani da shi kullum. Sannan mu a Kebbi babban kayan haɗin a ƙofar gidanmu yake. Kaɗanya na nan birjik a ƙasar Zuru da Yawuri, kuma man da matan can ke bugawa irinsa ne masu haɗa sabulu a Turai da Amurka ke saye da tsada.

Kayan haɗi da awonsu

Wannan awon zai ba ki sabulu 12 matsakaita:

Man kaɗanya, giram 350
Man alayyadi fari, wanda masu sayar da kayan sabulu ke kira PKO, giram 350
Man gyaɗa, giram 200
Manja, giram 100
Kostik soda, giram 140
Ruwa, giram 300
Madarar turare, giram 30

Komai a nan da sikeli ake auna shi, har ruwan. Ki nemi ƙaramin sikelin kicin mai batir, wanda ke nuna giram ɗaya-ɗaya. Na san mun saba da awon gwangwani da cokali, kuma a girki hannu na iya gyara abin da ido ya kuskure. Sabulu ba ya karɓar wannan. Soda na cin mai ne ta mayar da shi sabulu, kuma kowane mai da iyakar sodar da yake ɗauka: giram 100 na man kaɗanya na ɗaukar kusan giram 12.8, na gyaɗa 13.7, manja 14.2, alayyadi kuwa har 17.6. In kin tara na haɗin nan zai kama giram 148. Da gangan na rage shi zuwa 140, don wani ɗan mai ya saura a sabulun bai ƙone ba, shi ne zai hana fata bushewa. Idan soda ta yi yawa sabulun zai ci fata, idan ta yi kaɗan sosai zai fito da laushi ya yi saurin lalacewa. Saboda haka kada ki musanya wani mai da wani don shi ke kusa. Musanya ɗaya ce za ki iya yi ba tare da sake lissafi ba: man kwakwa giram 350 a madadin alayyadi.

Kowane mai da aikinsa. Alayyadi ke kawo kumfa da tauri. Ki tabbatar fari ne na kamfani, don baƙin alayyadin gargajiya da ake shafa wa yara ƙaurinsa zai danne duk turaren da kika zuba. Man gyaɗa na tausasa fata, amma na taƙaita shi don in ya yi yawa sabulun na saurin yin tsami a zafinmu. Manja kuwa launi yake bayarwa, ruwan ɗorawa mai kyau, ba sai kin sayi kala ba.

Wajen sayen man kaɗanya ki tsaya ki zaɓa. Ki lakato kaɗan ki murza a bayan hannunki. Mai kyau zai narke nan take ya shige, ba tsakuwa, ba ruwa na tsattsafowa. Ki shinshina: ɗan ƙanshin hayaƙi ba komai, amma in kin ji tsami ko warin ƙuna ki bar shi. Tsohon mai da ya fara lalacewa ba ya gyaruwa a cikin sabulu.

Ita soda, a manyan kasuwanni irin na Birnin Kebbi da Jega ki nemi masu sayar da kayan haɗa sabulu, ki ce kostik soda kike so. Akwai wata da ake kira soda ash, akwai ta yin burodi, akwai kanwa. Babu wadda za ta maye gurbin kostik a cikinsu. Ki karɓi busasshiya mai warwara. Wadda ta dunƙule ko ta yi danshi ta riga ta sha iska, ƙarfinta ya ragu, awonki zai ɓaci. A wuraren koyon sana'a za ki ji ana zuba silket da soda ash da sauransu. Wannan haɗin sabulun wanki ne, ba ruwan sabulun wanka da su. Ruwa kuma ki yi amfani da na leda ko tataccen ruwan sama, don ruwan wasu rijiyoyin na da gishiri-gishirin da ke kashe kumfa.

Sauran kayan aiki: roba biyu masu kauri da ke jure ruwan zafi, ludayin roba, maburgi ko blenda ta hannu in kina da ita, safar hannu ta roba, tabarau, da mazubi. In ba ki da mazubin silikon, kafinta zai buga miki akwatin katako mai tsawon santimita 30, faɗi 9, zurfi 7, sai ki shimfiɗa leda mai kauri a ciki. Kwali mai ƙwari ma zai yi in an shimfiɗa masa leda. Tukunyar dalma da duk wani kwanon alminiyam kada su kusanci aikin nan, soda na cinye su tana fitar da iska mai kama wuta. Kayan da kika yi sabulu da su kuma sun bar kicin ke nan.

Kafin ki buɗe ledar soda

Wannan sashen ya fi komai muhimmanci a wurina. Ruwan soda in ya huce ba ya da launi, ba ya da wari, yaro ba zai bambanta shi da ruwan sha ba, busasshiyar kuma yara na ɗaukarta sukari. Kurɓa ɗaya na ƙone maƙogwaro, kuma akwai yaran da suka ƙare da aikin tiyata da shekaru na wahalar haɗiya ta wannan hanyar. Don haka ban yarda da jiƙa soda a bar ta ta kwana a tsakar gida ba, ko da an koya miki haka. Ki jiƙa iya wadda za ki yi aiki da ita, a ranar, kina tsaye a kanta. Kada ki taɓa zuba ta a gorar ruwa ko kofi ko kwalbar lemo. Ki zaɓi lokacin da yara suka tafi makaranta, mai rarrafe kuma a miƙa shi maƙwabta. Abin da ya rage ki ƙulle shi, ki rubuta sunansa, ki ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Ki sa riga mai dogon hannu, ki ɗaure mayafinki kada ya riƙa lilo kan roba, ki sa safa da tabarau, ki ajiye bokitin ruwa a gefe. In soda ta taɓa fata, ki yi ta kwarara ruwa har minti 15 ko 20. In ido ne, a wanke da ruwa mai yawa haka, sannan a tafi asibiti. In Allah ya kiyaye wani ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a garzaya asibiti da shi da ledar sodar a hannu.

Haɗin

Ki fara da ruwan soda, don shi ke ɗaukar lokaci kafin ya huce. Ki auna ruwa giram 300 a roba, ki auna soda giram 140 a wata busasshiyar roba daban. Ki fita inda iska ke kaɗawa. Sodar ake zubawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan, ana juyawa. In aka juya lamarin aka zuba ruwa kan soda, tana iya tafasa ta fantsamo miki a fuska. Za ki ga ruwan ya yi fari, robar ta ɗauki zafi sosai, har yana kusantar tafasa ba tare da wuta ba, tururi mai shaƙe maƙogwaro na tashi. Ki kau da kai gefe. Ki ci gaba da juyawa har ruwan ya washe, ba sauran ƙwaya a ƙasa, sai ki ajiye shi a inuwa inda idonki ke kai.

Yana hucewa kina narka mai. Ki ɗora man kaɗanya a wuta marar ƙarfi, da ya narke ki sauke, kada ya soyu. Ki tace shi da ƙyalle mai tsabta, ki bar shi ya kwanta, don dattin da ruwan da ke ciki su zauna a ƙasa. Bayan tacewa ne za ki auna giram 350 ɗin. A hunturu alayyadi da manja ma daskarewa suke yi, sai ki sa jarkarsu a ruwan ɗumi. Ki haɗa mayukan huɗu a babbar roba ki gauraya.

Ana son mai da ruwan soda su sauko wajen digiri 40, wato in kin dafa bayan robar ki ji ɗumi, ba zafi ba. In man ya yi sanyi da yawa, kaɗanya zai fara daskarewa ya yaudare ki, ki zaci sabulu ya kama alhali bai kama ba.

Yanzu ki tsiyaya ruwan sodar cikin man a hankali, kina juyawa. Launin zai dushe nan da nan. Da blendar hannu, ki nutsa kanta ƙasa sosai kafin ki kunna, ki yi daƙiƙa kaɗan ki kashe ki juya da hannu, ki sake. Cikin 'yan mintuna zai kama. Da maburgi ko ludayi kuwa ki shirya wa rabin awa zuwa awa guda, ba tsayawa mai tsawo, kina sharo gefe da ƙasan robar. Ana cewa dole a juya ta ɓangare ɗaya kawai. Amfanin hakan rage fantsama ne, sabulun bai damu da dama ko hagu ba.

Alamar kamawa ita ce abin da za ki koya da ido. Haɗin zai yi kauri kamar kunun gyaɗa da ya fara hucewa. Ki ɗaga ludayin ki bar abin da ya maƙale ya zuba a sama. In ya nutse nan take ya ɓace, da saura. In ya zana layi a saman, layin ya ɗan tsaya kina ganinsa kafin ya kwanta, kuma ba kya ganin mai na yawo a gefen robar, to ya kama. A nan ake zuba turare.

Maganar ƙamshi

A nan mata da yawa ke asarar kuɗinsu. Turaren fesawa da humra galibi akwai sifirit a ciki, kuma sifirit na sa haɗin ya daskare a robar cikin ƙiftawar ido, kafin ki kai ga mazubi. Madarar turare ake sawa, mai zalla, wadda ba a sirka ba. Ki gaya wa mai sayarwa cewa ta sabulu kike so, wadda ake shafawa a fata, don akwai waɗanda na turaren wuta ne ko na ɗaki kawai. Giram 30 ya isa kilo ɗaya na mai. Ƙari a kan haka na jawo ƙaiƙayi.

Ƙamshi masu nauyi irin su oud da sandal da miski sun fi jure soda, suna nan har sabulun ya ƙare. Na lemu da danginsa daɗi gare su ranar haɗi, kafin Sallah sun gudu. Duk turaren da ke da banila zai mayar da sabulun ruwan ƙasa a hankali, ba lalacewa ba ce, amma ki sani tun da wuri. Man kanumfari da na kirfa na sa haɗi ya kama da gaggawa, kuma suna da zafi a fata, ni dai ba na sa su a sabulun kyauta. In turaren sabo ne gare ki, ki ɗebi cokali biyu na haɗin a ƙaramar roba, ki ɗiga masa, ki jira minti ɗaya. In ya dunƙule ko ya yi gudaji, kin san da shi sai an yi sauri, ko a canza.

Kajiji da jema fa? Ƙamshinsu ba ya tsira daga soda sosai, don haka kada ki dogara da su. Abin da garin kajiji ke yi shi ne ado da ɗan gurza fata. In kina so, cokali ɗaya na wanda aka tankaɗe da lallausan rariya ya isa. Garin zogale kore yake shiga, amma yana komawa ruwan ƙasa. Zuma kuwa ƙaramin cokali biyu a narke a ɗan ruwa, sai dai tana ƙara wa sabulu zafi, in bazara ce ki haƙura da ita. Abin da ba zan taɓa ba ki shawarar sawa ba shi ne sinadarin bilicin. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan illarsa ga fata da ƙoda, kuma wadda kika ba kyautar ba ta roƙe ki ki sauya mata launi ba.

Kafin ki zuba turaren, ki ɗebi na guda biyu ki juye a wani ƙaramin mazubi haka nan ba ƙamshi. A cikin waɗanda za ki ba ba za a rasa mai takaba ba, ko wadda turare ke tayar wa da asma. Maniyyaci ma marar ƙamshi yake bukata in ya ɗaura harami, sai dai nasa a haɗa tun da wuri, don jirage na fara tashi tun kafin watan Babbar Sallah.

Ki zuba turaren, ki juya da ludayi har ya game ko'ina, ki juye a mazubi. Ki ɗan bubbuga mazubin a ƙasa don iskar ciki ta fito, ki daidaita saman da bayan cokalin roba, ki rufe da leda.

A shekarun nan Sha'aban na faɗowa a ƙarshen hunturu, don haka na Ƙaramar Sallah ki lulluɓe mazubin da tsohon zane ya riƙe ɗuminsa. Na Babbar Sallah kuwa a tsakiyar bazara zai faɗo, lokacin da zafin Birnin Kebbi da Argungu ke haura digiri 40. A nan ba lulluɓi, ki ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, a ƙasa kan siminti. In zafi ya yi masa yawa zai tsage ta tsakiya. In kin leƙa bayan 'yan awowi kika ga tsakiyarsa ya yi duhu yana sheƙi, ba matsala, aikinsa yake yi.

Yanka da shanya

Bayan kwana ɗaya ko biyu ki sa safa ki danna gefensa. In ya yi tauri bai lotsa ba, ki zaro shi da ledarsa. Wannan haɗin na saurin tauri, in kika bar shi ya daɗe zai riƙa farfashewa wajen yanka. Ki sa alama duk santimita biyu da rabi, ki yanka da wuƙa marar haƙora ko siririyar waya. In kina da hatimi mai sunanki ko fure, ki danna shi washegari.

Ki jera su a tsaye kan faifai ko katako da aka shimfiɗa wa takarda, da tazarar yatsa tsakaninsu, a ɗaki mai iska, ba cikin rana ba. Ki yafa musu shara-sharan ƙyalle saboda ƙura, ki riƙa juya su duk bayan kwana uku ko huɗu. A waɗannan makonni ruwan ciki ke fita, sabulun ya yi tauri, ya yi laushi a fata, kumfarsa ta ƙaru. Ki rubuta ranar haɗi a takarda ki maƙale kusa da su. Robobin aikin kuma ki ɓoye su kwana biyu kafin ki wanke, abin da ya maƙale a jiki zai riga ya zama sabulu.

Farin gari-gari a saman sabulu ba ya cutarwa, ki goge da jiƙaƙƙen ƙyalle ko ki kankare. Amma in kin yanka kin ga yana marmashewa, ko akwai fararen dunƙule masu tauri a ciki, ko ramuka masu ruwa, wannan soda ce ba ta gauraya ba. Kada ki ba kowa, kada ki yi wanka da shi. Ɗige-ɗige ruwan lemu masu warin tsohon mai kuma alamar man ya yi tsami ne.

Bayan mako huɗu ki ɗauki ɗaya ki gwada a kanki. In kina da takardar gwajin pH, wadda ke nuna ƙarfin sodar da ke cikin sabulu, ki shafa ta a kumfar, 9 zuwa 10 shi ne daidai. Ki wanke cikin damtsenki da shi, ki jira. In ba zafi ba ja, ki yi wanka da shi na 'yan kwanaki. Sai ya wuce wannan gwajin sannan ya fita gidanki.

Naɗi

Takarda ko ƙyalle ya fi leda, don sabulun gida na ɗauke da gilisarin, wani sinadari mai jan danshi, in an toshe shi a leda lokacin danshi sai ya yi gumi. Gab da Sallah shagunan teloli cike suke da ragowar atamfa da shadda. Ki roƙi telanki ya tara miki, ki wanke, ki goge, ki yanka murabba'i. Sannan ki yi abin da muka fi kowa iyawa: ki sa turaren wuta a kasko, ki kifa kwando, ki baza ƙyallayen a kai su turaru. Ki fara naɗe sabulun da farar takarda, ki ɗora ƙyallen a sama, ki ɗaure da zare. Ta haka ƙamshin kajiji da jema da soda ta hana ki zai dawo ta waje.

Na uwar miji da gwaggo da inna ki sa bibbiyu a ƙaramin kwandon kaba ko 'yar ƙwarya, ki zaɓa musu ƙamshi mai sanyi, ki kai da kanki ranar gaisuwa. Na ƙawaye da maƙwabta da malamar Islamiyya guda-guda ya wadatar, a aika yara da shi tare da kwanon abincin Sallah. A kowanne ki soka 'yar takarda mai ɗauke da ranar haɗi da sunayen abin da ke ciki, musamman man gyaɗa, don akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗaukarsa. Ki ƙara da cewa ba na jarirai ba ne, kuma a riƙa ajiye shi a abin sabulu mai huji don ruwa ya tsane, in ya kwana cikin ruwa narkewa zai yi. In ƙawaye suka fara tambayar nawa kike sayarwa, kafin ki kai shi shago ko kasuwa sai kin yi masa rajista da NAFDAC.